Kwamfutar da Za Ta Iya da Gusau

Mu 'yan kaɗan ne masu rubuta manhaja a Gusau, kuma kusan duk mun san juna. Wasunmu a nan suka yi karatu, wasu a Zariya ko Sakkwato, muka dawo gida muna yi wa mutanen Legas da Abuja aiki daga ɗakunanmu. A wurin dangi da maƙwabta kuwa sunanmu ɗaya ne: masu kwamfuta. Shi ya sa da wuya mako ya wuce ba a tare ɗayanmu ba, a wurin ɗaurin aure ko a ƙofar masallaci ko ta WhatsApp, da tambayar da muka fi ji: "Wace laftof ce mai kyau? Ina so in saya."

Ba ma ɗaukar tambayar da wasa, domin mun san inda kuɗin ke fitowa. Wani mahaifinsa ne zai fitar da buhunan waken suya daga rumbu. Wata kwasar adashen mahaifiyarta ce ta shekara guda. Wani ragunan da ya yi kiwo don Babbar Salla zai kai kasuwa tun lokaci bai yi ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,400 a farkon 2024, kuma duk laftof ɗin da ke kasuwarmu da dala aka shigo da ita. Wanda ya saya yau ba zai sake saye baɗi ba. Idan ta yi masa, ya huta shekara huɗu ko biyar. Idan ba ta yi ba, haka zai yi ta jan ta, yana kuma jin kunyar wanda ya biya.

Saboda haka ba ma amsawa da sunan kamfani. Tambaya muke mayarwa da bakinmu na Zamfara: "Mi za ka yi da ita? Ina kuma za ka aje ta?" Da yawa sukan ɗauka rowar sani ce. Alhali amsar waɗannan tambayoyin biyu ita ce rabin cinikin.

Mutum uku da suka zo mana a 'yan shekarun nan sun isa misali. Ƙanwar ɗayanmu tana karatu a kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe. Buƙatarta ta buga aikin gida, ta karanta littattafan da malamai ke turowa, ta shirya kundin kammala karatu. Sai wani kawunmu a Bunguɗu mai shagon taki da iri da maganin feshi, wanda littafin bashinsa ya yi kauri har ya fara rikita shi. Yana so ɗansa ya mayar masa da lissafin cikin Excel, ya kuma riƙa yi wa mutanen unguwa rajista ta intanet. Na uku ɗalibi ne mai karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, burinsa ya ƙera manhajojin Android. Aikinsu bai yi kama da juna ba, aljihunsu ma haka. Amma dukkansu da magana ɗaya suka zo. Ƙanwar tamu ce ta fi faɗarta a sarari: "Yaya, ƙawayena sun ce kada in yarda da komai sai Core i7."

Wannan 'yar takardar da ake mannawa a gefen madannai ta ci kuɗin mutane da yawa. Core i3 da i5 da i7 sunayen aji ne kawai a cikin firosesocin Intel, kuma kusan kowace shekara ana sabon zubi, abin da masu shago ke kira janareshan. Shekarun firosesa suna cikin lambar da ke bin sunan. A i7-3520M, lamba 3 ta farko tana nufin zubi na uku, na shekarar 2012. A i5-8250U, lamba 8 tana nufin zubi na takwas, na 2017. Na farkon hannayen aiki biyu gare shi, an kuma tsara shi a kan wat 35 na wuta. Na biyun hannaye huɗu gare shi, an tsara shi a kan wat 15. Wato i5 ɗin ya fi i7 ɗin ƙarfi, ya kuma fi shi tattalin batir nesa ba kusa ba. Tsohon doki ne da sirdin sarauta a gefe ɗaya, matashin doki da sirdin talaka a ɗaya gefen. Mai shago ba lallai ya yi maka ƙarya ba. Ya ce i7 ce, kuma i7 ɗin ce. Lambar ce bai karanta maka ba, kai kuma ba ka tambaya ba.

Zubi na takwas yana da wani muhimmancin. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa a ɓangaren Intel. A ɓangaren AMD, laftof mai Ryzen 5 3500U zuwa sama tana cikin layi. Akwai masu cusa wa tsofaffin kwamfutoci Windows 11 ta bayan gida, takan kuma tashi, sai dai babu tabbacin za ta ci gaba da samun gyaran da ke toshe ƙofofin ɓarayin intanet. Ga wanda zai riƙa shiga asusun banki ko ya ajiye bayanan mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuɗinsa bai kai zubi na takwas ba, mukan ce masa ya sayi tsohuwar da saninsa, a farashin tsohuwa, mu sa masa Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi.

Bayan firosesa sai abu biyu da ake yawan rikitawa, RAM da ma'ajiya. Yadda muka yi wa kawu bayani shi ne, ma'ajiya rumbu ce, RAM kuma faifan da ake ɗebo hatsi a kai a tsince. Komai girman rumbunka, idan faifanka ƙarami ne sai ka yi ta zarya. Giga 4 na RAM yanzu ya yi kaɗan, domin Windows kaɗai ta kusa cinye shi kafin ka buɗe komai. Giga 8 ya wadaci ɗaliba da mai shago. Mai buɗe Android Studio tare da wayar gwaji a kan allo, giga 16 ne zai ba shi kwanciyar hankali. Ma'ajiya kuma iri biyu ce. Tsohon hadis faifan ƙarfe ne da ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da allura tana bin sa. SSD ba ta da abin da ke motsi, ko mai arahar cikinsu takan ninka hadis sauri kamar sau huɗu ko biyar wajen karanta babban fayil, wajen kunna kwamfuta kuwa tazarar ta fi haka. Mai shago zai ce maka, "Wannan giga 1,000 ce, waccan 256 kacal." Ɗauki 256 ɗin in dai SSD ce. Laftof ɗin da za ta riƙa hawa babur a jaka tsakanin Tudun Wada da Samaru, ko ta sha jijjigar mota daga Tsafe zuwa Gusau kowane ƙarshen mako, ba ta buƙatar faifai mai juyawa a cikinta.

Duk wannan za ka iya jin sa a bidiyoyin YouTube. Abin da ba za ka ji a can ba shi ne amsar tambayarmu ta biyu, wato inda za a ajiye ta. Masu yin waɗannan bidiyoyin suna zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsu ba ta ƙiftawa, intanet ɗinsu ba ya yankewa. Ma'auninsu shi ne wace ce ta fi gudu. Namu ma'aunin shi ne wace ce za ta ci gaba da aiki idan wuta ta tafi, zafi ya taso, ƙura ta shigo, sabis ya ɗauke.

Mu fara da wuta. A nan batir shi ne rabin kwamfuta. Ana auna cikinsa da wat-awa, ana rubuta shi Wh a jikinsa. Laftof ta aikin ofis tana shan kamar wat 8 zuwa 10 idan rubutu da karatu kake yi, don haka batir mai 50 zai kai ka awa biyar ko shida. Amma batir yana tsufa, kuma yawancin abin da muke saye na hannu ne. Wanda aka ƙera da 50 yana iya komawa 20 ba tare da ya nuna a ido ba. Windows tana da hanyar tona wannan asirin: a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai nuna cikin batirin na asali da abin da ya rage masa yau. Idan ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, a cire kuɗin sabon batir daga farashin tun a wurin ciniki.

Ɗalibin nan na jami'a da hoton wata laftof ta wasan gem ya zo mana, mai madannai masu walƙiya kala-kala. Ba mu ce masa ba ta da ƙarfi ba, tana da shi. Cajarta muka ce ya dubo. Irin waɗannan cajarsu takan kai wat 150 zuwa 230, ta laftof ɗin ofis kuwa 45 ko 65 ce. 'Yar solar da ke gidansu, mai batir ɗaya da ke riƙe fanka da ƙwan fitila, za ta ɗauki ta biyun ba tare da ta yi ƙara ba. Ta farkon sai an tada janareto, ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san abin da awa ɗaya ta janareto ke ci. Katin zanen da ke sa ta tsada kuma ba ya cikin abin da darasinsa ke nema. Wanda sana'arsa tace bidiyon biki ce ko zanen gini, shi ne ke da hujjar ɗaukar wannan nauyin. Muka ƙara masa da cewa ya nemi wadda ke caji ta ƙofar USB-C, domin irinta ko babban fawabank mai ƙarfin wat 65 yana iya ciyar da ita.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin garinmu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kafin nan kuma hunturu ya riga ya cika ko'ina da ƙura. Laftof tana numfashi ne ta 'yar fanka da ke jawo iska ta ƙasa ta fitar ta gefe. Ƙurar hunturu takan taru a bakin mafitar ta zama kamar auduga, bazara ta zo ta tarar da hanya a toshe. Firosesa idan ya kusa digiri 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai mai ita ya ce ta tsufa ko ta kamu da bairos. Zafin nan ne kuma ke kumbura batir har ya ɗago madannai. Don haka mukan zaɓi wadda ake kwance bayanta da sukurdireba cikin sauƙi, a share fankar sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin bazara. Kuma ba a ɗora ta a kan katifa ko dadduma, nan ne hancinta yake.

Darasin sabis kuwa duk jihar ce ta koye shi tare. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. An buɗe na cikin Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A makonnin nan mu da muke cin abinci da intanet mun ga bambanci ƙarara tsakanin kwamfutar da kayan aikinta ke cikinta da wadda komai nata ke can sama. Wanda ya riga ya sauke manhajojinsa da littattafansa ya ci gaba da rubutu, in aiki ya taru a zuba a filash, mai tafiya Zariya ya tura a madadin kowa. Tun daga lokacin muke jan kunnen mutane game da Chromebook na hannu da suka cika kasuwa da araha. Ba laifinsu ba ne, an ƙera su ne musamman don wurare irin makarantun Amurka inda intanet ba ya yankewa, ma'ajiyar yawancinsu giga 16 ce ko 32. Wasu kan cusa musu Windows su sayar a matsayin cikakkiyar laftof, bayan wata biyu wuri ya ƙare. Araha ba ta ado. A Tsafe ko Bunguɗu, kwamfutar da ba ta iya aiki ita kaɗai ba ta gama zama taka ba.

Abu na ƙarshe da wuri ke yanke hukunci a kansa shi ne gyara. Duk laftof za ta lalace wata rana, abin tambaya shi ne ina kayanta suke. Akwai jerin da aka ƙera don ma'aikatan manyan kamfanoni, irin su Lenovo ThinkPad T480, da Dell Latitude 5490, da HP EliteBook 840 G5, dukkansu na 2018. Kamfanonin Turai da Amurka sukan saye su da yawa, su sake su bayan 'yan shekaru, su biyo jirgi zuwa Computer Village ta Ikeja, daga nan su hau zuwa Kano, titin Beirut da Farm Centre, kafin su iso mana. Yawansu ya sa allonsu da madannansu da batirinsu ba sa wuyar samu, masu gyara kuma sun san cikinsu. Ukun nan kowace tana da gurbin RAM biyu, don haka za ka iya farawa da giga 8 bana, ka ƙara 8 bayan kaka. T480 har batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya ana zare shi ta waje. A dai duba lambar firosesa, domin wasu daga cikinsu da zubi na bakwai suka fito. MacBook Air mai M1, wadda Apple ya fitar a Nuwambar 2020, ba ta da fanka ko ɗaya kuma batirinta yana kai mutum yini, abubuwa biyu da suka dace da mu ƙwarai. Sai dai RAM ɗinta da ma'ajiyarta a manne suke, ba a ƙara su, kuma babban gyaranta yakan kai mutum Kano ko Abuja. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Funtuwa a shekarun nan ya san tafiya ba abin da ake ƙirƙira wa kai ba ce don kawai allo ya fashe.

Wannan ne ma ya sa muke cewa in da hali a saya kusa da gida, wurin wanda za a iya komawa gobe, ko da ya ɗan fi tsada. Ba a cinikin biri a sama. Ka zauna a shagon rabin awa, ba mai korar ka. Buɗe Task Manager ka karanta lambar firosesa da yawan RAM da irin ma'ajiya da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna. Fitar da rahoton batir, sannan ka zare caja ka ga yadda yake sauka. Buɗe farin shafi ka duba allo ko akwai tabo ko layi, ka tambaya ko 1920 ne a 1080, domin mai 1366 a 768 yana matse rubutu ga mai dogon karatu. Danna kowane harafi. Gwada kowace ƙofa da filash, gwada kyamara da makirfo, buɗe murfin ka rufe ka ji ko gwiwarsa ta saki. Ka sa a shiga BIOS a gabanka, domin wasu suna zuwa da makullin tsohon kamfaninsu wanda ba mai iya cirewa cikin sauƙi. Dubi jerin haruffa ma. Wadda ta fito daga Jamus an musanya mata Y da Z, sai mai koyo ya nufi rubuta "ya tafi" ya ga "za tafi". Ta Faransa kuma A da Q ne suka sauya wuri. Ana gyara wannan da sitika, amma gara ka sani kafin ka biya. A ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita. Ranar da wani ya ce tasa ce aka sace, takardar nan ce za ta tsaya maka.

Akwai kuma waɗanda muke ce wa kada su saya yanzu. Idan abin da ke hannunka zai kai ka ga mai giga 4 da hadis da mataccen batir ne kawai, haƙurin wata uku ya fi. Mahaifin ƙanwar nan tamu ta Tsafe ya so a gama komai a mako ɗaya, muka ce, "Baba, a bari a kai kaka, abin da za a ƙara kaɗan ne." Ta ƙarasa zangon da wayarta da kwamfutar ƙawarta, bayan an sayar da wake ta samu i5 zubi na takwas mai giga 8 da SSD 256, batirinta yana kai ta daga la'asar har bayan isha'i. Ɗalibin jami'ar ya samu irinta, ya ƙara RAM zuwa 16 da ragowar kuɗin da bai kashe a kan fitilun madannai ba.

Mun fi dagewa a kan ƙwari da sauƙin gyara ne saboda a gidajenmu laftof ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta, kuma har yanzu akwai yaran da ranar jarrabawar ce rana ta farko da za su riƙe linzami. Kwamfuta ɗaya idan ta shigo gida, ƙanne da 'ya'yan maƙwabta duk a kanta za su koya. Ta kawu da ke Bunguɗu haka take. Da safe lissafin taki da na masu bashi, da rana rajistar mutanen unguwa, bayan magariba yara su kewaye ta a kan benci suna karɓa-karɓa. Mun sa musu madannan Hausa da ke cikin Windows, yanzu ƙaramar cikinsu ta san inda ƙ da ɗ da ɓ suke, tana buga sunan garinsu da lanƙwasarsa. Harafi biyu sun goge, an canza batir sau ɗaya a Gusau, an share fankarta bayan hunturun bana. Da muka je gaishe shi muka tambaya ko tana ba shi matsala, kawu ya ce, "Yarana, matsalarta ɗaya, layi gare ta kamar famfo."